Ranar da Aka Sha Kununa

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen jikokina sai na kira na wannan da na wancan kafin in dace. Amma akwai wata Lahadi ta tsakiyar damina da ba za ta fita raina ba har a kai ni kushewa.

Zamanin En'e ne, lokacin da maganar hakimi ita ce doka. Maigidana mai bishara ne, ikilisiya ta turo mu daga kudancin Katsina zuwa wani ƙauye tsakanin Ruma da Runka. Garin Musulmi ne tun zamanin jihadi, masu bin Yesu kuwa 'yan gidaje ne na Maguzawa can bakin daji, rabinsu ma tsofaffi. Dagaci ya ba mu fili a bayan gari da 'yar gona. Abin da ikilisiya ke aiko mana gishiri da kananzir kawai yake saya, saboda haka gonar nan ita ce cinmu.

Ba zan yi wa mutanen garin ƙarya ba, ba wanda ya taɓa zaginmu. Gaisuwa kam har a gaji. Amma ba mai shan ruwan gidanmu. Baƙo zai zo in kawo masa ruwa, ya ce, "Alhamdu lillahi, yanzun nan na sha," alhali leɓensa a bushe. In na aika wa maƙwabciya tuwo, sai in hango kajinta suna biki da shi. A gidan mai unguwa ma akwai wata ƙwarya mai tsaga rataye a danga, ta maigidana ce shi kaɗai. Wannan abu ya fi yunwa ci mini rai.

Shi kuwa maigidan nawa, Malam kamar yadda kowa ke kiransa, ko a jikinsa. Damina lokacin kurkunu ce, tsutsar nan mai kama da zare da ake sha a ruwan tafki, ta fito wa mutum a ƙafa ta kwantar da shi daidai lokacin noma. Malam ya iya jan ta. Kullum da safe zai hau kekensa gida-gida, har rugagen Fulani, ya wanke ƙafa, ya naɗe tsutsar a ɗan kara kaɗan-kaɗan don kada ta katse. A gode masa, a sa masa albarka, a ba shi ruwa a ƙwarya mai tsaga.

Sai wata shekara kurkunun ta zo kansa, ƙafa biyu. Gero ya tsiro, ciyawa ta taso ta rufe shi, ni kuma ga tsohon ciki. Na yi tunanin kiran gayya, sai na tuna gayya da abinci ake yin ta, to wa zai ci nawa? Ranar na zauna gabansa na amayar da duk abin da ke raina.

Na ce, "Malam, ni fa na gaji. In gonar nan ta mutu, gidan ubana zan koma da yaranmu. Kai, ko ba ta mutu ba, garin da ba a shan ruwana ba garina ba ne. Me aka ba ka a nan? Ko asiri suka yi maka?"

Ya yi dariya, ga ƙafafu a kumbure. Ya ce, "Uwargida, ina yaro gyambo ya ci mini ƙafa, wari har 'yan uwana ba sa cin abinci kusa da ni. Wani mai bishara ya riƙa wanke mini shi da hannunsa, ni kuwa ina zaginsa don zafi. Da na warke na tambaye shi dalili, ya ce shi ma Yesu bai jira godiyarsa ba kafin ya ƙaunace shi. Ni an yi mini tun ban san in gode ba. Wanda ya aiko ni bai ce in zauna in an sha ruwana ba, cewa ya yi in zauna."

Na ce, "To kai aka aiko, ni rakiya na yi." Na tashi na fara haɗa kwanonina, kuma da gaske nake.

Ran Lahadi tsofaffin nan na ikilisiya suka tallabo shi zuwa ɗakin sujada, wata 'yar bukka ce ta kara. Muna cikin waƙa sai muka ji gangar noma. Na ce a raina yau kuma gayyar wa ake yi? Gangar ta yi ta matsowa har ta danne muryarmu. Na leƙa, sai ga maza a jere cikin gonarmu, hauya na tashi, har da samarin Fulani, mai unguwa na tsaye yana ba su layi.

Malam ya rarrafo bakin ƙofa, hankalinsa a tashe, domin shi bai taɓa yarda a kama hauya a gonarsa ran Lahadi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai yau Lahadi!"

Mai unguwa ya ce, "Lahadin taka ce, Malam, ba tamu ba. Tahi ka ida sallarka. Bara wa ya jaye mani kurkunu? Mi kake so mu ce ma Allah in geronka ya mutu muna kallo?"

Gona ta tsira, na gani da idona. Amma ni tawa maganar tana nan. Na fito da sauran geron da ya rage, matan ikilisiya suka kama mini daka, na dama kunun tsamiya cike da babbar ƙwarya. Na ɗauka na kai bakin gona na ajiye, na sa ludayina a ciki, wanda nake sha da shi. Na riga na yanke, in wannan kunu ya dawo gida, tafiyata ta tabbata.

Ganga ta yi shiru. Samari suka tsaya suna kallon juna, ba wanda ya motsa. Mai unguwa ya zo ya tsuguna, ya dubi kunun, ya dube ni. Ya ce, "Bismillahi," ya cika ludayi ya shanye. Ya ƙara. Sannan ya goge gemu ya ce, "Ɗiyata, kunu ya yi, amma kin yi mana rowar barkono."

Kafin in ankara har ana karce gindin ƙwarya. Na juya na yi ta kuka kamar an yi mini mutuwa, Malam na can bakin bukka yana mini dariya. Da yamma na kwance kwanonina na mai da su inda suke.

Mun tsufa a garin nan. Mai unguwa a Musulminsa ya rasu, Malam na cikin masu haƙa kabarinsa, ƙwarya mai tsaga kuwa ban san ranar da ta bar danga ba. Abin da na koya shi ne, mai hidimar Ubangiji ba godiyar mutane ke riƙe shi ba, ƙaunar da aka riga aka nuna masa ce, godiyar kuma takan zo a lokacinta. Ni sai da aka sha kununa na zauna. Shi tun ana ba shi ruwa a ƙwarya mai tsaga ya riga ya zauna.