Ranar da Aka Auna Yaya Habibu a Kwance

Har gobe a danginmu ana cewa wani bature ne ya cinye ƙafar Yaya Habibu da awo da mugun baki. Ƙarya ne. Mu muka cinye ta, mu mutanen gidan, kuma ba zan sassauta maganar don wani ya ji daɗi ba.

A watan Maris na 2006 abin ya faru, ina da shekara goma sha uku. Muna haya a Takoma Park, a ƙarƙashin wani bene, tagarmu daidai da ƙasa, ba abin da ake gani ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Baba yana tuƙa taksi a Washington tun kafin mu biyo shi daga Maradi. Inna kitso take yi a gida, ni ce hannunta na uku: in raba mata gashin ƙari, in share, in ɗora tukunya, in goya Auta. An sa ni lakwal, wato makarantar boko, wata uku aka cire ni, wai sai aiki ya yi sauƙi, aka kuma hana ni leƙa waje da rana kada maƙwabta su tambayi dalili. A bakin tagar nan na yi ƙuruciyata. Na san mai kawo wasiƙu da takalminsa, na san tsohuwar hawa na uku da jan ƙafarta. In masu kitso suka watse, gidan ya yi tsit, sai bututun ɗumama ɗaki yana ƙwanƙwasa cikin bango kamar mai neman a buɗe masa. Ni kuma in dunƙule safa in yi ta jefawa cikin kwandon wanki, ina kwaikwayon Yaya.

Yaya Habibu shi ne ɗan fari, shekararsa goma sha bakwai, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Ƙwallon kwando yake buga wa lakwal ɗinsu, har direbobin taksi 'yan Nijar kan ajiye mota su je kallo. Suna cewa in ya ɗore zai kai babbar gasar ƙwararru, inda ake kiran sunayen samari ɗaya bayan ɗaya a talabijin ana zaɓa. Baba ma ya daina ce masa wasan banza. Amma ni da ke kallon ƙafafu na san abin da ba su sani ba. In zai sauko matakalarmu, dama yake fara ajiyewa, hagu ta biyo a hankali. Kullum bayan asuba ni ke dafa masa ruwa in gasa masa gwiwar da tawul, ta kumbura ta yi suntum. Ya ce in kocinsu ya ji zai zaunar da shi, ga shi lokacin masu zuwa duba 'yan wasa ne. "In kika faɗa wa Inna, ni da ke har abada."

Sau ɗaya aka kai ni kallo, wata Juma'a da yamma. Can saman kujeru na hango wani tsohon bature shi kaɗai, cikin kwat mai ruwan toka, da kaye, littafin rubutu, a cinya. Ba ya tafi, ba ya murmushi. Ƙwallo ta yi gabas, jama'a su bi ta da ido da ihu, shi kansa bai motsa ba. Ƙafafun Yaya yake kallo, har lokacin da aka tsayar da wasa ana shan ruwa. Tsigar jikina ta tashi, don inda yake kallo ni kaɗai na san da abu a wurin.

Washegari da hantsi na ga baƙaƙen takalma sun tsaya a tagarmu. Sun daɗe a tsaye, sannan suka sauko. Shi ne. Ashe koci ya ba shi adireshi, Yaya ya sani bai gaya wa kowa ba. Baba ya fita aiki, Inna tana kicin. Mutumin ya ciro tef ɗin awo, ya auna tafin hannun Yaya, ya sa shi ya buɗe hannuwa a jikin bango ya auna. Ya sa shi ya durƙusa a kan ƙafa ɗaya, sannan ɗayar, yana rubutu. Da ya so ya ga iyakar inda hannunsa ke kaiwa sama, sai rufin ɗakin ya tare. Sai ya nuna masa ƙasa. Yaya ya miƙe a kan kafet, rigingine, cikin farar jallabiyar da ya yi sallar asuba da ita. Baturen ya miƙo mini bakin tef ɗin, ya nuna mini diddige. Na riƙe.

A haka Inna ta fito ta same mu.

A garinmu mutum ɗaya ake aunawa a kwance: wanda ya rasu. Da karan dawa ake gwada tsawonsa, a kai wa masu haƙa kabari. Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba saboda kunyar ɗan fari, Dogo take ce masa. Ran nan ludayi ya faɗi daga hannunta, na ji sunan ya fito daga bakinta da wata murya da ban san ta da ita ba.

"Habibu! Tashi! Tashi, ba ka mutu ba! La'ilaha illallahu, wa ya aiko mana wannan?"

Baturen bai razana ba. Ya naɗe tef ɗinsa a hankali, ya yi magana ƙasa-ƙasa yana nuna gwiwar hagu.

"Me ya ce?" in ji Inna.

"Ya ce na iya wasa, Inna."

"Ya ce tubarkalla?"

"Ba su san ta ba."

"To ya fitar mini daga ɗaki."

A kan matakala ya tsaya ya yi rubutu, ya yage shafin, ya ninke, ya saka a hannuna, ya nuna cikin gida da haɓa. Inna ta ce in ƙona ta yanzu-yanzu. Na cinna wa wata tsohuwar ambulan wuta don ta ji ƙauri, takardar kuwa na cusa ta cikin rigar matashina. Kwana uku ana turare a ɗakin, aka aiko da rubutu daga wajen wani malami Yaya ya sha.

Da na samu Yaya shi kaɗai na ce ya karanta mini. Ya fara: dogayen hannuwa, haƙuri, yana hango abokin wasansa tun kafin ya ɓullo. Sai bakinsa ya tsaya, amma idonsa ya ci gaba da gangarawa har ƙasan shafin. Na ce saura fa? Ya ce babu saura. Ya so ya cusa ta aljihu, na fizge abata. A hawa na ɗaya akwai Anti Saratu, nas ce 'yar Kaduna, da na kai mata da ta karanta mini kafin ruwa ya tafasa. Amma kai mata na nufin in tona cewa ban ƙona ba, in kuma tona asirin Yaya. Na mayar da ita cikin rigar matashina.

A watan Yuli, a wata gasar bazara, Yaya ya yi tsalle ya sauko, ba wanda ya taɓa shi, gwiwar ta tafi. Aiki biyu aka yi masa, bai sake shiga fili ba. Inna ta ce, "Ai na faɗa, tun ranar da aka auna shi." Ni ma na yarda, har na zarce ta: na ɗauka ƙin ƙona takardar da na yi ne ya bar wa abin hanya. Na naɗe ta cikin ƙyalle kamar laya. Ina tsoron ƙonawa, ina tsoron buɗewa. Da ita na yi aure, da ita na tare a Germantown.

A 2017 'yata Nana, tana da shekara takwas, ta tono ta a akwatina tana neman ɗankwali. Kafin in hana ta, ta warware ta fara karantawa da ƙarfi, tana bin layi da yatsa. Zuwa lokacin kunnena ya ji Turanci, ido ne dai babu. Bayan yabon nan da na sani, ga abin da ya biyo: hannunsa na hagu bai ƙware ba, wannan horo zai gyara. Yana saukowa a kan ƙafa ɗaya don ya kare ɗayar. Gwiwar hagu ta samu rauni kuma yaron yana ɓoyewa. A dakatar da shi, a kai shi likita cikin watan nan. In an yi haka, yana cikin waɗanda za a iya kiran sunansu wata rana. In ba a yi ba, ina tsoron ba za ta kai shi ƙarshen shekara ba. Nana ta ɗago ta tambaye ni da Turanci, wane yaro ne wannan? Na ce kawunki ne, mai ɗingishi.

Yau Yaya taksi yake ja kamar Baba, in sanyi ya shigo sai da sanda. In aka sa ƙwallon kwando a talabijin, tashi yake ya ce zai yi alwala. Inna ta koma Maradi, har yanzu tana ba jikoki labarin baturen da ya zo da awon kabari. A da, takalman nan da suka tsaya a taga su ke hana ni sukuni. Yanzu abin da ke tayar mini da tsiga shi ne wata huɗun da maganar ta yi a ƙarƙashin kaina, ina gasa gwiwar kowace safiya, tsakanina da mai karanta mini matakala goma sha biyu. Mutum ɗaya ne ya dubi ɗan'uwana da kyau, shi muka kora.

Washegarin ranar da Nana ta karanta mini takardar, na kai ta lakwal, ban wuce shagon kitson da nake aiki ba. Na hau bas zuwa inda ake koyar da manya karatu. Matar da ke kan tebur ta miƙo mini fom da biro ta ce in cike. Na mayar mata na ce ban iya ba, abin da ya kawo ni ke nan.