Ma'ajunin Kakana

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a rumfar gidanmu da ke Malbaza. Ni ne, da mahaifiyata, da ƙanena wanda ya dawo daga kasuwar Konni. Ya miƙa mata wata kwalba, ya ce ga ma'ajunin da take ta nema. Ta girgiza kwalbar, abin ciki ya yi ƙara kamar ruwan randa. Ko buɗewa ba ta yi ba.

"Mi nag ga? Ma'ajun na motsi? Ɗauke abinka."

Raina ya ɓaci, amma ba da ita ba. Bari in bi maka zancen daga tushe.

Na tashi a gidan kakana na wajen uwa, a wani ƙauye kusa da Badagishiri. Ya yi karatu a Sakkwato, kuma ba ya yarda a faɗi suna ba a san ma'anarsa ba. Shi ya gaya mini cewa ma'ajun Larabci ne, daga kalmar da ke nufin kwaɓawa, irin yadda ake kwaɓa gari. Masu maganin Larabawa na dā sukan daka magani, su cuɗa shi da zuma don ɗacinsa ya ɓuya, ya kuma daɗe bai lalace ba. "Abin da hannu bai kwaɓa ba, kak ka kira shi ma'ajun," in ji shi.

Bayan girbi ake yi, idan sanyi ya fara shiga ƙirjin tsofaffi. Da farko kakata za ta shanya kayan a faifai: citta, kanumfari, masoro, habbatus sauda, da wata jar saiwa da Buzaye mata ke kawo mata. Sannan daka, sai tankaɗe da tsohon ɗankwali, duk gida ana atishawa. Daga nan aikinta ya ƙare. Shi zai zauna a zaure da akushi, yana ɗiga zuma, yana murzawa har abin ya daina kama yatsa.

A nan matsalar take. Ita ba ta shiga zaure, shi ba ya kusantar turmi. Mu maza muka koyi kwaɓi da ma'anar suna, muka ɗauka mata sun san saiwar. Su kuwa mata suka ɗauka ai malam ya san komai, ya kuma faɗa wa maza. Tsofaffin biyu suka rasu, aka dubi juna, babu wanda ya san sunan saiwar.

Yanzu mahaifiyata ta tsufa, tari ya kama ta. Tana shan maganin likita, ni nake tsayawa a kanta. Amma kullum abu ɗaya take roƙo: ta lasa ma'ajunin mahaifinta kafin ta bar duniya. Na haɗa da hannuna, bisa tsari, ban tsallake komai cikin abin da na sani ba. Ta ɗanɗana, ta juyar da kai. "Ɗiyana, hannunka ya yi. Saiwar ta babu."

Na tambaya a Illela, na tambaya a Konni. Kowa sai ya nuna mini ruwa mai launi a kwalba.

Saiwar kaurinta kamar ƙaramin yatsa, bayanta ja, cikinta fari, tana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka. In akwai tsohuwa a gidanku, kada ka bari sai gobe. Je ka kwatanta mata yau. In ta san sunan, aiko da shi tashar Malbaza, a ce a ba mai neman jar saiwa.