Ƙaiƙayin Duna

A daminar shekarar da na shiga aji huɗu, wata safiyar Asabar a Aujara, na fito da tsakin kaji na tarar da karenmu Duna kwance a gindin rumbu yana gurzar cikinsa da ƙasa. Idanunsa sun yi jawur suna ruwa, ya lashe tafin ƙafarsa har ya saɓule. Duna ne ke gadin garken awakinmu a bayan gida, shi ne kuma ke bina gona idan an taso daga makaranta, ya yi ta kutsawa cikin gero yana korar tsuntsaye.

Kafin azahar magana ta zaga unguwa, wai ƙazuwa ce, za ta kama awaki ta kama yara. Baba ya tsaya daga nesa ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce gobe za a kai shi daji a sake shi. Ban taɓa mayar wa Baba magana ba, amma ranar na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, bara ma haka ya yi da gero ya fara bununi, da aka yi girbi ya warke." Ya ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata, domin ni nake yini da shi.

Ranar kasuwa muka ja shi da igiya wurin malamin dabbobi da ke zuwa daga Dutse. Ya buɗa gashin, ya leƙa kunnuwa, ya ce babu ƙazuwa, babu ƙuma, jikin karen ne kawai ba ya shiri da garin bununi, kuma ba a ɗauka. Ya ba mu ƙwayoyi, ya ce sauran aikin na gida ne.

Aikin ya zama nawa. Na ɗaure shi da igiya a bayan gida, na daina zuwa da shi gona, na nome ciyawar da ke kewaye da garke, na riƙa shanya buhun da yake kwanciya a kai. Kullum da yamma, abokaina na can suna langa, ni ina bakin rijiya ina sheƙa masa ruwa a ƙafafu da ciki. Ƙwayar kuwa a cikin loma ta tuwo nake ɓoye ta. Inna ta ware mini tsohuwar roba, ba ta kuma barina in shiga gida sai na dirje hannuwana da ƙasa da sabulu. Kafin a yanke gero gashi ya fara tsirowa, Baba da kansa ya kwance masa igiya. Haka muka riƙa yi kowace damina har Duna ya tsufa.

Yanzu ina zaune a unguwar Yalwawa cikin Dutse, a gida mai katanga da ƙofar ƙarfe, ko kaza ba mu da ita. Yarana suna da kirki, amma babu wani mai rai da yake jiran su dawo daga makaranta su kula da shi. Wannan ne ban iya saya musu ba.