Motar da Ke Kuka a Ƙofar Gidan Ladidi

Ba na jin zan manta da safiyar da Malam Habu ya shigo garejinmu a Haɗeja. Hularsa na fara hangowa, sabuwa dal, an karya ta irin ta samari, a kan mutumin da furfura ta gama cin gemunsa. Motar kuwa duk laka ce har gilashi. A raina na ce wannan bawan Allah so ne ya kama shi. Lokacin ina yawan karanta littattafan soyayya a ƙarƙashin benci, don haka ina ganin na san alamomin.

Tsakiyar damina ce, kogi ya cika ya shiga fadamu. Ni ne babban ma'aikaci a ɓangaren wayoyin mota, a ƙarƙashin Oga Sale mai garejin. Ga waɗanda ba ƴan sana'a ba, akwai na'urar tsaro da muke ce wa sikiyoriti. Ɗan ƙaramin akwati ne da ake ɓoyewa a mota. In ya ji an taɓa motar sai ya saki jiniya, ya kuma hana inji tashi.

Malam Habu mai sayar da shinkafa ne, matarsa ta daɗe da rasuwa. Ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya.

"Motar nan kuka take yi ba wanda ya taɓa ta. Kuma ba ta yi ko'ina sai a Auyo."

"Ina a Auyo, Malam?"

Ya gyara hula. "Ƙofar wani gida da nake zuwa gaisuwa."

Oga Sale ya leƙo daga ƙarƙashin wata mota. "Gaisuwa da wannan turaren? Malam Habu, faɗa wa likita gaskiya."

Da ƙyar ya faɗa. Wata bazawara yake nema mai suna Ladidi, tana zaune a gidan yayanta, Malam Garba. Duk Juma'a yakan je bayan la'asar. Gidan yana jikin masallaci, kuma da an tada sallar magariba sai motar ta ɓarke da ihu, liman na karatu ana jin jiniya. Mota kuma ta ƙi tashi, sai a tura ta gefe, shi ya hau acaɓa ya dawo, sai bayan kwana biyu ya koma ya ɗauko ta. Malam Garba ya rantse in ta sake kuka ana salla, maganar aure ta mutu, ba zai haɗa zuri'a da mai raba mutane da liman ba.

Na bi tsarin aiki. Na gwada batir, na duba fiyus, na duba maɓallan ƙofofi, na jijjiga motar kamar zan kifar da ita. Shiru, lafiya lau. Oga ya ce in yanke wayar jiniya kowa ya huta. Na ce ko an yanke, inji zai ci gaba da kullewa, mutum ya kwana a ƙofar surukai. Ya ce, "To mai littafi, sai ka bi shi zancen, ka ga ko za a ba ka ƙanwarta."

Haka kuwa aka yi. Ranar Juma'a na ɗauki kayan aiki na shiga gaba. Kafin mu bar gari ya tsaya a bakin kogi wurin masunta, ya sayi tarwaɗa masu rai, aka zuba su a bokiti da ruwa. Ya ajiye bokitin a ƙasa, bayan kujerata.

"Ladidi ba ta son kifin da ya mutu a hanya," in ji shi, yana murmushi shi kaɗai.

Hanya ta yi kyau ranar. Shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya, balbelu suna tashi, ni kuwa ina tsara yadda zan rubuta labarin nan in da ni marubuci ne. Sai muka faɗa wani rami, na ji sanyi a dugadugaina. Kowace gargada, kifayen su yi tsalle, ruwa ya fantsalo ya gangara ƙarƙashin kujerar.

Muna isa na kwance kujerar, na ɗaga kafet. Ga akwatin sikiyoriti kwance a soso jiƙaƙƙe, bakin soket ɗin, inda wayoyi ke shiga, duk koriyar tsatsa. Wanda ya saka shi tun farko ya zaɓi wuri mafi ƙasa a motar. Ruwan yakan ɗauki lokaci yana tsatsafowa, sai wajen magariba ya kai ga wayoyin ya haɗa su. In ta kwana biyu a rana ya bushe, shi ya sa ba ta yi a gareji.

"Har da ruwan addu'a na yayyafa a nan," Malam Habu ya ce a hankali. "An ce min abin magariba ne, ƙila iska ce ta shige ta."

Na ce, "Addu'a ta karɓu, Malam, tunda ga shi an gano. Amma nan gaba a riƙa tofawa kawai."

Rana tana ja, na cire kan batir, na goge soket da burushi da ɗan fetur. Sai ga Ladidi da kanta ta fito da kaskon garwashi da mafici. Mace ce mai natsuwa, da tabarau. Ta miƙa wa Malam Habu maficin.

"Tunda kifinka ne ya jawo, kai za ka yi fifitar."

Ya durƙusa da shaddarsa yana fifita akwatin nesa da wuta, ita tana tsaye tana danne dariya da gefen mayafi. Ban taɓa karanta shafi mai daɗin wannan ba. Da ya bushe na mayar da shi sama, bayan dashbod, na naɗe mahaɗar da salatif, na mayar da kan batir.

Aka kira salla. Na tsaya a sahu kusa da Malam Habu, ina jin numfashinsa. Liman ya ja sura mai tsawo. Babu abin da ake ji a waje sai kwaɗi. Da aka sallame, Malam Garba ya juyo wajen Malam Habu.

"Yau dai na ji abin da liman ya karanta. Ka turo manyanka."

Abin da nake faɗa muku ku ƙananan makanikai shi ne, kada ku tsaya a kan abin da mitar gwajin wuta ta nuna. Ku tambayi mai mota ina yake zuwa, me yake ɗauka. Mutum zai gaya maka ciwon motarsa, amma ya ji kunyar faɗin abin da ya jawo shi.

Malam Habu yanzu ya bar kasuwa, ya koma Auyo gaba ɗaya. Bara na wuce ta wurin na gan shi a ƙofar gida, ya ɗora wata ƴar yarinya mai kama da Ladidi a cinya, tana jan gemunsa, yana roƙonta ta bari ya gama gaisawa da ni.