Duwatsun Murhun Barakatu Mai Kifi

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa gabas ya san kifin Wudil, kuma in ya taɓa tsayawa kusa da gada bayan isha'i, da wuya a ce bai ci daga kaskon Barakatu ba. Ni ne magatakardan kwamitin da ya gyara wurin sayar da abincin dare na bakin titi, wanda yanzu ake kira Dandalin Dare. Da hannuna na rubuta sunayen waɗanda aka ba rumfuna a ƙarshe, kuma nata ba ya ciki. Ina so in faɗi yadda abin ya faru, domin na fara jin ana cewa wai ita ce ta ƙi zuwa ranar buɗewa. Wannan ƙarya ce, kuma masu faɗinta sun san ƙarya ce.

An haifi Barakatu a Darki, a gidan manoma. Aure ne ya kawo ta Wudil, gidan Labaran masunci, mutum mai ƙarancin magana wanda ya fi sanin kogi a kan cikin gari. Shi ya kamo, ita ta soya a ƙofar gida. Wata damina ruwa ya kwantar da katangarsu, sai ta ce zaman jiran mai saye a lungu ba zai tayar da katanga ba. Ta sa Labaran ya nemo mata duwatsu uku, ta kafa murhu a gefen titi, ta ɗora kasko. Tun tana goye da 'yarta Radiyya ke nan, ga shi yanzu Radiyya da nata 'ya'yan.

A lokacin dare ya fi rana ciniki a wurin. Direbobin manyan motoci suna tsayawa, fataken shanu suna cika wurin daren Juma'a kafin kasuwa, daga baya ɗaliban jami'a suka ƙaru. Layin acibalbal ne tun daga masu shayi har masu doya da ƙwai. Barakatu ba ta soya kifi ta jibge. Sai ka nuna tarwaɗar da kake so ko karfasa, ta jefa a mai kana tsaye, ta tsame, ta barbaɗa yaji da albasa. Mai gaggawa ta kan ce masa ya je gaba, akwai masu na jiya.

Masu sana'ar wurin ba su da takardar mallakar gurbi, ba su kuma taɓa bukatarta ba. Ƙa'idarsu ɗaya ce: gurbi na mai murhu ne muddin tokarsa ba ta huce ba. In mace ta haihu, ko wani ya kwanta ciwo, ko ya yi tafiya, maƙwabcinsa ne zai ɗebi garwashi kullum da magariba ya zuba a murhunsa. Kowa ya ga hayaƙi ya san mai wurin zai dawo, ba mai matsowa. Barakatu ta yi wa mutane da yawa wannan. Na san wani mai shayi da ya karye a ƙafa, ta riƙe masa wuta tun daga kaka har bazara.

Maƙwabcinta na dama shi ne Maikano mai tsire. Tsakanin mahauta da masunta akwai wasa, su kuwa biyun nan sun mai da shi abin yi.

"Uwar ƙarni," zai ce da ita yana gyara tukuba, "juya kaskon nan can, kin kore min mutanen kirki."

"Mutanen kirki ne ke cin jaki da dare? Sarkin ƙuda, ka bari in na mutu ka samu ciniki."

Daga nan shekarun wahala suka zo. Aka yi zamanin dokar hana fita da shingaye a hanya, direbobi suka daina tafiyar dare. Kafin a farfaɗo aka rufe gari saboda annoba. Masu sana'a suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba a ma samun isassun maƙwabtan da za su riƙe musu wuta. Akwai lokacin da in ka tsallako gada wuta huɗu kawai za ka hanga a duk layin, biyu daga ciki na Barakatu da Maikano ne. Ta sha komawa gida da rabin kifinta. Na taɓa tambayarta me ya sa ba ta koma cinikin rana ba, ta ce, "Akawu, in direba ya tsallako ya ga duhu sau ɗaya, gobe ba zai ko rage gudu ba." Saboda waɗannan wutaten ne motoci ba su manta da tsayawa a Wudil ba. Da babu su, da kwamitinmu bai tarar da abin da zai farfaɗo da shi ba.

Bara wasu 'yan kasuwa da ma'aikata 'yan asalin gari suka kafa kwamitin, aka ɗora Alhaji Yahuza mai sayar da kayan gini a shugabanci. Niyyar mai kyau ce, ni ma da murnata na shiga. Za a shimfiɗa tubalin daɓe na intalok, a kafa fitilun sola, a gina rumfuna a jere, a fara ba tsofaffin masu wurin. Aka hana itace, sai gas, masu tsire kaɗai aka bar wa gawayi. Aka kuma kafa doka cewa daren buɗewa dole mai rumfa ya tsaya a rumfarsa da kansa, wanda bai zo ba ya rasa. Dokar tana da dalili, don kada masu hannu da shuni su kama rumfuna da sunan wasu su riƙa bayarwa haya.

Ana cikin shirin fara aiki Labaran ya rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Alhaji Yahuza yana sahun gaba a jana'iza. Ya zauna a tabarmar gaisuwa, ya ci gumbar sadakar uku. Ina nanata wannan ne don kada wani ya ce kwamiti bai sani ba. Barakatu ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Mai takaba tana iya fita da rana in bukata ta kama, amma ba ta kai dare a waje. Duk musulmin da ke kwamitin nan ya san haka tun yana makarantar allo.

Tun daren farko Maikano ya zuba garwashi a murhunta, bai fasa ba. Ranar da ma'aikata suka zo daidaita ƙasa, suka kwashe duk duwatsun murhun layin suka zubar a kan tarin ɓaraguzai. Maikano ya hau tarin da rana tsaka, da farar rigarsa, yana tonawa da hannu har ya ciro nata ukun. Ya gane su, domin ɗaya yana da tsaga tun shekarar da mota ta kauce ta buge shi. Ya ajiye su ƙarƙashin teburinsa.

Da aka tsayar da ranar buɗewa, na duba na ga a ranar zai zama saura wajen wata guda Barakatu ta fita takaba. Na faɗa a taro. Alhaji Yahuza ya ce an riga an gayyaci manyan baƙi, an buga alluna. Na ce to a bar ranar, a yarda Radiyya ta tsaya wa uwarta. Wani ya ce in aka buɗe wannan ƙofar kowa zai zo da uzurinsa. Na tambaye shi mutum nawa yake tsammanin za su kashe mazajensu don su samu uzuri. Aka ce in daina zafi, aikina rubutu ne.

Ita da kanta ta zo ofishin kwamiti da hantsi, Radiyya na biye da ita. Tana cikin tsohon hijabi marar ado, ta rame. Ta durƙusa ta gaida Alhaji Yahuza gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har da Hajiyarsa da take aika wa kifi in an yi baƙi.

"Ranka ya daɗe, an ce in ban fito daren nan ba na rasa wurina."

"Baiwar Allah, doka ce, ba ni na ƙirƙire ta ni kaɗai ba."

Mutumin da ya ci kifinta tun yana yaron shago, yau ya manta sunanta.

"Ga Radiyya," ta ce. "Hannuna ne hannunta. Ni na koya mata."

"Mai rumfa da kansa aka ce. Ki zo ki tsaya ko na ɗan lokaci ne, a gan ki, ki koma. Lalura ce ai, Allah ma ya sani."

Barakatu ta ɗago ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Alhaji, in Allah ya karɓi ranka gobe, a wane dare kake so Hajiya ta fito a gan ta a bakin titi?"

Alhaji Yahuza ya gyara hula, ya ce ita fa ba a yi mata gwaninta, ya ɗauki waya ya fita. Ta miƙe, ta ce da ni, "Akawu, a gaida gida," suka tafi.

Ranar buɗewa aka yi jawabai bayan isha'i, aka kunna fitilu, wurin ya yi kyau, ba zan hana shi ba. Aka ba ni takarda ina kiran suna, mai suna yana amsawa daga rumfarsa. Da na kira Barakatu Labaran, Radiyya ta amsa daga rumfar da ke hagun Maikano, ga kaskonta, ga kifi a wanke, ga tukunyar gas da suka aro. Alhaji Yahuza ya girgiza kai. Maikano ya taso da tsinken tsire a hannu.

"Haba Alhaji! Matar nan mijinta ne ya mutu, ba yawo ta tafi ba. Da kai aka binne shi!"

Aka janye shi gefe, aka ce yana ba da kunya gaban baƙi. Radiyya ta kwashe kayanta mutane suna kallo. A cikin manyan da ke kan kujerun gaba har da waɗanda ke wa'azi a kan haƙƙin marayu da matan da mazajensu suka rasu. Ko tari babu wanda ya yi.

Washegari aka ba wani mutumin birni rumfar, mai injin shawarma. Ba ni da abin cewa a kansa, shi rumfa ya nema aka ba shi. Ya yi 'yan makonni, ɗalibai suka tafi hutu, direbobi kuwa suka leƙa suka wuce. Ya sa kwaɗo ya koma birni. Har yau rumfar a kulle take, fitilar sola tana haska ƙofarta kowane dare.

Da Barakatu ta fita takaba ta koma wajen Alhaji Yahuza, ya ce rumfa tana da mai ita, sai dai ta jira in an sake rabo baɗi. Na sake kawo maganar a taro, aka ce in rubuta za a duba. Na rubuta. A halin yanzu tana soya kifi a ƙofar gida, inda ta fara tun tana amarya, a lungun da mota ba ta shiga. Masuntan da suka riƙa kawo mata kifi bayan rasuwar Labaran sun fara kai wa wasu, domin ba ta iya ɗaukar da yawa. Direbobi suna tambayar Maikano ina tsohuwar nan mai tarwaɗa, shi kuma yana kwatanta musu, amma wa zai bar tirela a titi ya shiga lungu neman kifi?

Makon jiya da la'asar na tarar da ita a Dandalin, karo na farko da ta taka intalok ɗin. Ta tsaya gaban rumfar da ke kulle tana kallon kwaɗon. Maikano yana jera nama, ya yi kamar bai gan ta ba, sannan ya ce:

"Ni dai na ce yau ƙudaje sun ƙaru. Ashe uwar ƙarni ce a gari."

"Ƙudajenka ne, sun gaji da jaki sun zo gaishe ni."

Ya sunkuya ya ɗaga buhun da ya rufe ƙasan teburinsa. Ga duwatsun nan uku a jere yadda take jera su, mai tsagar a baya, tsakaninsu wani fasasshen kasko cike da toka. Ta durƙusa ta sa bayan hannunta a kan tokar. Da ɗumi.

"Kullum?" ta ce.

"To me zan yi da ragowar garwashi, in ci? Mai gadi ya yi magana sau biyu, na ce masa gawayi dai an yarda min." Ya share hannu a riga. "In sa a kai miki su gida a Keke Napep? Kin fi ni bukatarsu."

Ta mai da buhun ta rufe su da kanta.

"Bar su a nan, Maikano. In na kai su gida, na yarda ke nan."

Ta miƙe ta kama hanya tun rana ba ta faɗi ba. Da aka kira magariba ina nan tsaye, na ga Maikano ya ɗebi garwashi a murfin kwano, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya zuba.