Jakar Kwanson Baba

Tun kafin komai ya faru hankalina ba a kwance yake ba. Da muka je gida da ƙaramar sallah na ga Baba ya miƙa hannu zai ɗauki buta, sai ya damƙi iska a gefenta. Ya ce butar ce ta matsa. Kowa ya yi dariya, ban da ni.

Mahaifina maharbi ne. Yana da bindiga mai baki ɗaya da lasisinta, da ita yake korar gwaggon biri daga gonar masararsa a ƙauyenmu, bayan Tudun Wada. In ya harba ba ya yar da kwanson harsashin, sake cika shi yake yi. Nasa irin na da ne, tagulla zalla daga gindi har baki. Ina yarinya aikina ne in bi bakin kowane kwanso da farce. Wanda farcena ya maƙale a jikinsa ya tsage ke nan, sai in ware shi gefe. Shi yatsunsa sun yi kanta saboda fartanya, ba sa jin komai, da ido yake dubawa. To ga idon. Ni kuma ina aure a Sheshe, cikin birnin Kano.

Ranar wata Laraba Inna ta bugo waya, muryarta ƙasa-ƙasa. "Uwani, bindigar ta tofo masa wuta ta baya. Gira ɗaya ta tafi, da rabin gemu. Ya ce kada in gaya miki." Na gaya wa Baban Hanifa, maigidana. Wankin hula yake yi a kasuwa, ga hulunan mutane jibge, ba halin ya bi ni. Ya ce, "Ki je. Amma ki riƙa kirana a kowane gari."

Daga Sheshe zuwa gida

Ana sallame sallar asuba na goya Hanifa, watanta tara, muka fito. Lungunmu ba a gane fuska tukuna, sai tarin masu dawowa daga masallaci. Baban Hanifa ya tare mana adaidaita sahu har Unguwa Uku, ya damƙa ni hannun direban motar haya, ya ce, "Malam, ga amana." Direban ya ce, "Amanar Allah dai. Hajiya, shiga kusa da taga saboda yarinya."

Mun wuce Kura rana na fitowa. A Kwanar Dangora muka bar titin Zariya, na sayi dafaffen ƙwai ban iya ci ba. Daga Tudun Wada sai acaɓa, hanyar duk kwari, ina riƙe da kan Hanifa da hannu ɗaya. Kafin azahar na yi sallama a gida.

Baba na zaune a gindin mangwaro, ya ja rawani ya rufe gefen fuskarsa. Da jin kukan yarinya ya washe baki. "A'a, amaryata ce ta zo? Kawo ta nan, in ga ko ta fi tsohuwar kyau." Hanifa ba ta yi wata-wata ba ta fizge rawanin. Na ga wurin. Fatar ta yi ja ta saɓule tun daga gira har kunne. Saura kamar faɗin yatsa wutar ta samu idon.

Na shiga ɗakinsa na ɗauko tsohuwar jakar fatar da yake zuba kwanso, na juye a faifai, na fara bi da farce. Wannan ya maƙale. Wannan ma. Wasu sun yi kore a gindi. Da na gama, waɗanda suka tsira ba su cika tafin hannuna ba.

"Baba, duk sun tsage."

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "waɗannan sun girme ki. Ba su taɓa ba ni kunya ba."

"Sun ba ka ranar Talata."

Inna ta ce daga madafa, "Gaya masa dai, ni na gaji." Sai bayan la'asar ya yarda za mu je Jos, inda mai shagon da hukuma ta yarje wa sayar da harsashi yake, wanda ya san shi tun da daɗewa.

Ta Falgore zuwa Jos

Da hantsi muka samu mota a Tudun Wada. Direba ya ƙi tashi sai da wasu motoci biyu suka cika, ya ce ba ya shiga dajin Falgore shi kaɗai. Da muka shiga dajin hira ta mutu. Wata mata a bayana tana ta jan carbi, ina jin ƙarar ƙwayoyin. Itatuwa sun rufe hagu da dama, ba gida ba mutum, wayata ba sabis. Na saka wa Hanifa nono don kada ta yi kuka, ban ma san wa nake tsoron ya ji ba. Wasu birai suka tsallaka titi, Baba ya ce, "Ga 'yan uwan ɓarayina can." Shi kaɗai ya yi dariya.

Shingen jami'an tsaro kuwa na daina ƙirgawa. Wani wuri a ɗaga mana hannu, wani wuri a ce kowa ya sauko. Baba ya sa lasisinsa a leda cikin aljihun gaba, kowane shinge sai ya dafa wurin. A Saminaka muka yi sallah, muka ci masa da miya. Muna hawa tudun Jos sanyi ya fara shigowa ta taga, na ƙara wa Hanifa zani.

Mun kwana gidan Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba. Ta yi mana gwate mai zafi, ta kalli fuskar yayanta ta ce, "Yaya, wanzamin naka ya sha wani abu ne?" Ya ce, "Ke dai zuba gwate."

Shagon

Da safe muka je. Ƙofar ƙarfe ce mai kauri, sai an leƙo ka kafin a buɗe. Mai shagon dattijo ne, Oga kowa ke ce masa, Hausarsa irin ta Jos. Ya karɓi lasisi ya juya gaba da baya, ya rubuta a littafinsa, sannan ya ce me ake so. Baba ya ce irin na tagulla zalla.

Oga ya ce, "Baba, wannan ai ya ƙare tun ina da gashi a kai. Yanzu jikin roba ne, gindin ne kawai tagulla. Shi ma ba kowane ba."

Ya jero kwali uku a kan tebur, ya fito da ɗaya-ɗaya daga kowane. Baba ya shinshina, ya auna a tafin hannu, ya kai kusa da fuska. Sai ya ɗaga wanda gindinsa ke ƙyalli kamar sabon ɗan kunne, ya ce wannan. Nan take na gane dalili. Ƙyallin kaɗai idonsa ke kamawa.

Oga bai yi musu ba. Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko mayen ƙarfe, irin na bayan lasifikar rediyo, ya matso da shi. Mai ƙyallin ya yi tsalle ya manne, ƙat. Ya kai kan na biyu, wanda launinsa ya ɗan dushe, bai motsa ba.

"Ka gani? Wancan ƙarfe ne aka yi wa wanka da ruwan tagulla. Harbi ɗaya lafiya lau. Amma ka ajiye shi damina ɗaya, tsatsa ta ci gindin. Wannan da bai kama ba shi ne tagulla." Ya dube ni. "Madam, ke ce mai ido, duba masa."

Na duba. Kwali na uku shi ma tagulla ne, amma kusurwar kwalin ta yi laushi kamar ta taɓa shan ruwa, kuma tambarin da ke gindinsu ba iri ɗaya ba ne. Ban iya karanta abin da aka rubuta ba, amma na ga wani zagaye ne wani kuma tauraro. Na ce ban yarda da shi ba. Na biyun kuwa gindinsa dogo, tambari ɗaya, ba lotsawa, farcena ya zagaya sumul. Oga ya kawo irinsa wanda ba a taɓa buɗewa ba. Ya fi tsada, Baba ya yi ta gunaguni yana kwance bakin aljihu.

Da za mu fita Oga ya ce, "Ni sabo nake sayarwa, kuma shawarata in ka harba ka yar. Na san ku tsofaffi ba kwa ji. To ko na tagullar ne, ranar da ya nuna tsaga ya zama maƙiyinka." Baba ya ce, "Mun gode," irin godiyar da ke nufin a bar maganar.

Komawa ƙauye

Dawowa ta fi zuwa tsanani, don yanzu da kaya a hannunmu. A wani shinge bayan Saminaka sai da aka buɗe kwalin aka gwada da takardar shago. Muka tsallake dajin lafiya, muka isa gida kafin magariba. Na ce alhamdu lillahi, an gama.

Ashe ba a gama ba. Baba ya buɗe akwatin ƙarfensa, ya sa sabon kwalin can ƙasa, ya danne da babbar rigar sallah, ya kulle. Sannan ya kwashe tsofaffin kwanson daga faifai, masu tsaga da marasa tsaga, ya mayar cikin jakar fata.

"Baba, me ke nan?"

"Sabo sai babbar rana. Biri bai kai a ɓata masa sabon harsashi ba. In na ƙarar da waɗannan tukuna."

Sai hawaye suka zubo mini. Da asuba yana masallaci Inna ta shigo da jakar a ƙarƙashin mayafinta, ta cusa a ƙasan kayan Hanifa. "Tafi da su birni. Ki ba maƙeran tagulla su narke, ko awarwaro a yi wa yarinya." Ni da ita duk mun ɗauka kwanson da ba komai a ciki kamar gwangwanin madara ne da aka shanye.

Shingen bayan Tudun Wada

Ba mu yi nisa da Tudun Wada ba aka tsayar da mu, aka ce kowa ya sauko da jakarsa. Wani matashin jami'i ya ɗaga tawa, ta yi ƙara, caccaka. Ya zazzage a ƙasa. Wandunan Hanifa, kwalbar magani, sai kwanso suka watsu a kan kwalta suna gangarawa.

Fasinjoji suka ja da baya, har matar da muka raba gyaɗa da ita. Jami'in ya ɗaga murya. "Wa kike kai wa? Su waye a dajin?" Direba ya ce, "Wallahi ban san ta ba, a tasha ta hau." Aka sallami motar ta tafi ta bar ni. Hanifa ta fasa kuka. Abin da ke zuwa raina kawai, in an tafi da ni wa zai ba ta nono?

Babban jami'an ya fito daga rumfa, mai furfura a gefen kai. Ya ce in zauna a benci in yi bayani a hankali. Na yi, tun daga butar. Ya ce, "Kira shi. In ya zo da takardunsa, mu ji. In bai zo ba, ke da kayan sai ofis."

Na kira wayar Inna. Na ji muryar Baba a bayanta yana faɗan an taɓa masa jaka. Da ta gaya masa inda nake, faɗan ya yanke.

Rana ta take sosai kafin na hango acaɓa. Ya sauko ba rawani, ƙunar a fili, ya miƙa lasisi da takardar shago. "Ranka ya daɗe, nawa ne. 'Yata ce. Ba ta san komai ba sai tausayina."

Babban ya duba takardun, ya daɗe yana kallon fuskarsa. "Baba, cika kwanso da hannu ma magana ce, ka sani. Amma bari mu ga." Ya tsuguna ya ɗauki ɗaya, ya sa masa a hannu. "Wannan lafiyarsa ƙalau?"

Daga inda nake zaune ina ganin tsagar, ta sauko daga baki har kusan rabi. Baba ya juya shi a rana. Ya kai kusa da ido, ya nesanta, ya shafa da babban yatsa. Na san so yake ya ce ƙalau. Ya juyo wajena.

"Uwata, akwai?"

"Akwai, Baba. Babba."

Ya tsaya riƙe da shi. Can ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ashe ba butar ce ta matsa ba." Ya miƙa wa jami'in. "Ku riƙe su duka. Ban ga tsagar ba."

Aka tattara su a leda aka shigar rumfa. Babban ya ce da ni, "Kada ki ƙara ɗaukar irin wannan a mota, ko da wofi ne. Ba kowane shinge za a tsaya a saurare ki ba." Shi ya tare mini wata motar da kansa. Kafin in shiga Baba ya ciro makullin akwatinsa ya nuna mini. "Yau zan fito da sabon. In na harba, kwanson Innarki zan ba, ta jefa a masai." Ya ja kumatun Hanifa. "Amarya, kin ga uwarki ta sa an kama ango."

Gida

Ana kiran la'asar na shigo lungunmu a Sheshe. Baban Hanifa na tsaye a ƙofar gida, ya kira wayata har ta mutu. Bai yi faɗa ba, ya karɓi yarinyar, ya ce in shiga in sha ruwa. Na gode wa Allah da ya dawo da mu. Na gode wa Gwaggo Asabe, da mai shagon da bai ɓoye mana gaskiya ba, da wannan jami'i da ban san sunansa ba. Baba ya yarda bayan girbi zai zo Kano a duba masa ido.

Roƙona gare ku, in kuna da tsoho mai bindiga a gida, ku raka shi in zai sayi harsashi, kada a bar shi ya zaɓa da ƙyalli. Ku duba masa abin da yake ajiyewa. Wanda ya lalace kada ku sa shi a jaka ku hau mota kamar yadda na yi. Kuma ku sa Babana a addu'a, Allah ya bar masa sauran ganinsa.