Durowar harafin A

Iyaye mata, ku kiyayi cusa kaya dam kuna kiransa tsari.

Zamanin da kuɗin mai ya shigo, ina aikin kati a wani asibiti a Kazaure. Durowar harafin A ta cika, sai na riƙa tura sababbin katuna duk inda na ga wuri.

Wata mata daga Roni ta kawo 'yarta Amina, jiki zafi rau. Na rasa katinta.

Kun san inda Sista, babbar ma'aikaciyar jinyarmu, ta zaro shi? Durowar Z. Ta ce, "'Yar nan, rabin garin Amina ne da Abdullahi. Ki bar wa masu zuwa wuri."

Yarinyar ta ga likita, ta warke.

Jiya na tarar da takardun 'ya'yana a cushe. Daga yau, kowace durowa a gidana sai an bar mata filin tafin hannu.